Garka, Littafi da Hoto: Ayyuka Uku na Farkon Bazara

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi makonnin da ke tsakanin tsakiyar watan Fabrairu da ƙarshen watan Maris, lokacin da hunturu yake naɗe tabarmarsa, bazara kuma take shimfiɗa tata. A waɗannan kwanaki amfanin damina ya daɗe da shiga rumbu, sharar gona ba ta kama ba tukuna. Saboda haka mutum yakan samu sa'a ɗaya ko biyu da babu aiki a gabansa, da sanyin safiya ko bayan la'asar. Me ya kamata a yi da wannan ɗan lokaci? Mun zaɓi abubuwa uku da mutane suke yi don jin daɗin ransu: garkar cikin gida, karatu, da ɗaukar hoto. Za mu nuna yadda kowannensu yake taimakon cikin iyali da lafiyarsu, da kuma yadda ukun suke riƙe da hannun juna.

1. ABIN DA KASUWA TAKE KOYA MANA

Mu fara daga Ƙaramar Kasuwa ta Yamai, wadda aka fi sani da Petit Marché, Zabarmawa kuma suke ce mata Habu Ganda. Shekaru da yawa nan ce cibiyar kayan miya da kayan marmari a tsakiyar birni. A shekarar 2012 gobara ta cinye ta, masu sayarwa suka koma bakin titunan da ke kewaye da wasu kasuwannin, kamar ta Jemaje. Amma sunan bai ɓace ba, har yanzu shi ake faɗa wa mai taksi.

Duk wanda ya zagaya wannan unguwa a watan Fabrairu zai ga kaya jibge: salati, shu, karoti da tumatir daga garakan bakin kogi irin na Gamkalle, Saga da Gudel, albasa daga Galmi ta jihar Tawa, dankalin turawa daga Bonkuku da duwatsun Agadas, busasshen tattasai daga Difa. Wannan yalwa tana da tarihi. Bayan farin shekarar 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta yi kira ga jama'a su rungumi noman rani, tun daga lokacin garka ta ƙara yaɗuwa a ƙasar Nijar.

To amma yalwar ba ta daɗewa. A watan Janairu sanyin asuba a Yamai yakan sauko wajen awo 16 na ma'aunin zafi. A watan Afrilu da Mayu kuwa zafin rana yakan wuce awo 40. Salati yana yin tozo ya yi ɗaci. Shu ba ya ƙulla kai. Furen tumatir yana zubewa idan zafi ya haura awo 35, don haka ƴaƴa suke raguwa. Ruwan kogi ma yana ja da baya. Dattawa ba su manta da shekarar 1985 ba, lokacin da kogin ya daina gudu a Yamai. Idan kaya suka yi ƙaranci, kuɗinsu ya hau, abin da uwargida take fara ragewa a tukunya shi ne ganye da kayan miya. Yara ƙanana da mata masu ciki su ne suke fara jin wannan ragi a jikinsu. Rashin bitamin A yana kawo dundumi, yana kuma raunana jikin yaro gaban ƙyanda da zawo. Rashin sinadarin ƙarfe yana kawo ƙarancin jini. Ɗanyen ganye kuwa yana ɗauke da su duka biyun.

Darasin kasuwa ke nan: arahar Fabrairu ba ta kai mutum Mayu. Wanda ya shirya yanzu shi zai ci miya mai ganye a tsakiyar bazara.

2. GARKAR CIKIN GIDA

Garka ba sai mai fili a bakin kogi ba. Kusurwar tsakar gida ta isa, matuƙar tana samun rana da safe, da ɗan inuwa da tsakar rana.

Abin da za a shuka. Lokacin shukar salati, shu, karoti da dankalin turawa ya wuce, sai kuma watan Oktoba ko Nuwamba. Yanzu lokacin masu jure zafi ne:

Alayyahu: ana fara yanka bayan kwana 25 zuwa 30.
Kuɓewa: tana fara ƴaƴa bayan kwana 50 zuwa 60. A bar santimita 50 tsakanin rami da rami.
Lalo, rama da yakuwa: ana tsinkar ganyensu bayan wata ɗaya da ƴan kwanaki.
Zogale, wanda wasu suke kira tamakka: a binne ƙwayar zurfin santimita 2, tana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan ta kai mita 1 a datse kanta don ta yi rassa. Itace huɗu ko biyar a gindin katanga suna ba gida ganyen kwaɗo da na dambu shekara da shekaru.

Yadda za a gyara wuri:

1. A auna fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3. Faɗin kada ya wuce haka, don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka shuka ba.
2. A kafce ƙasa zurfin santimita 25 zuwa 30. Da rani fangali yana zama ƙasa-ƙasa, da ɗan tudu a gefensa, don ruwa ya zauna a ciki.
3. A zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi, bokiti ɗaya ko biyu a kowace mita, a cuɗa da ƙasa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara.
4. A yi ban ruwa kwana biyu ko uku kafin shuka.
5. Bayan tsiro ya yi ƙarfi, a rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa. Wannan rufi yana hana rana shanye damshi.
6. A kewaye wurin da darni ko zana saboda awaki da kaji.

Wanda yake gidan haya, ko tsakar gidansa siminti ce, sai ya cika tsohon buhu da ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, ya huda ƙasan buhun don ruwa ya riƙa tsiyayewa, ya shuka alayyahu ko lalo a ciki. Ranar da ya tashi daga gidan, sai ya tafi da garkarsa.

Lissafin ruwa. Da bazara kowace mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, tana shan kusan lita 10 a yini, wato cikin butar ban ruwa guda. Fangali ɗaya mita 3 ne, ke nan lita 30. Fangali uku lita 90, wato kusan jarka huɗu masu cin lita 25. A raba ruwan biyu: rabi da asuba, rabi da yamma. Ban ruwan tsakar rana asara ce. Wanda yake sayen ruwa ya fara da fangali ɗaya, ya ga ƙarfinsa. Ruwan alwala da ruwan wankin shinkafa ko kayan miya duk suna da amfani ga shuka. Ruwan kwata, da ruwan da ya sha sabulun wanki ko jabel, ba su dace da ganyen da za a ci ba.

Maganin ƙwari. Kafin a nufi maganin kanti, a gwada ƴaƴan bedi, wato dogon yaro. A daka busassun ƴaƴa rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10, su kwana. Da safe a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu kaɗan, a yayyafa da yamma a bisa ganye da ƙarƙashinsa. A maimaita bayan mako ɗaya.

Adana abin da ke da araha yanzu. Tun da tumatir da kuɓewa suna da sauƙin kuɗi, a saya a yanka, a shanya bisa tabarma mai tsabta da aka ɗaga daga ƙasa, a rufe da gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Ganye kuwa a inuwa ake shanya shi, domin rana tana kashe bitamin A da ke cikinsa. Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malami ɗan jihar Jigawa ta Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. Yayin da ruwan yake bushewa yana janye zafin cikin tukunya. Dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta wannan lokaci.

3. LAFIYAR MAI GARKA DA IYALINSA

Zafin bazara ba abin wasa ba ne. A watan Afrilu na 2024, a garin Kayes na ƙasar Mali, zafi ya kai awo 48 da rabi. A yi aikin garka kafin ƙarfe 9 na safe ko bayan ƙarfe 5 na yamma, a sa malafa, a sha ruwa tun ƙishirwa ba ta matsa ba. Tsofaffi da jarirai a riƙa ba su abin sha a kai a kai.

Duk jarka ko randar da aka tara ruwan garka a rufe bakinta. Sauro yana buƙatar kwana 7 zuwa 10 kawai daga ƙwai zuwa mai cizo.

Ganyen da za a ci ɗanye, na gida ne ko na kasuwa, a ware shi ɗaya ɗaya, a wanke sau uku da ruwa mai tsabta. Wasu garakan cikin birni, kamar na ƙoramar Gunti Yena, ruwan da suke samu yana gauraye da ruwan kwata, kuma ido ba ya ganin ƙwayar cuta. Mai son ƙara jabel a ruwan wanki ya tambayi ma'aikacin lafiya adadin ɗigon da ya dace, kada ya yi da ka.

Wannan ne kuma lokacin sanƙarau, saboda ƙura da busasshiyar iska suna raunana hanci da maƙogwaro. Ƙasarmu ta sha wahalar wannan cuta a 1995, ta kuma sake shan ta a 2015, inda Yamai ta fi ko'ina jin jiki. Allurar rigakafin da aka fara a 2010 ta karya lagon nau'in da ake kira A, amma akwai sauran nau'o'i. Alamominsa su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, da sanƙarewar wuya. Ga jariri, maɗiga tana kumbura, ya ƙi kama nono. Wanda ya ga haka ya nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kwana ɗaya na jinkiri yana iya jawo kurumta ko rasa rai.

4. KARATU

Bisa al'ada, azuzuwan manya da rani suke aiki, su rufe idan damina ta kusa. Abin da muka lura da shi a zagayenmu shi ne, ɗalibin da ya ajiye littafi wata biyar yakan dawo yana laluben baƙaƙen da ya riga ya sani. Karatu kamar wuƙa ne, in ba a wasa shi sai ya dushe. Maganin abin shi ne a saba tun yanzu da karatun minti 15 kowace rana, a lokaci guda da ba ya canzawa.

Me za a karanta? Da farko abin da ke hannu: wannan jarida, takardar iri, karnen allurar yara, allon bakin hanya. Sannan littattafan hira, irin su Ruwan Bagaja na 1934 da Magana Jari Ce, waɗanda Abubakar Imam ya rubuta, da littattafan harsunanmu da kamfanin Gashingo ya buga a nan Yamai. Ba nisa da Ƙaramar Kasuwa akwai gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, inda mai koyo zai kai yaransa su ga kayan kakanni. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, wannan kuwa ƙarin dalili ne na riƙe rubutunta da kyau.

Ga mai garka, karatu kariya ce. A jikin takardar iri akwai ranar da irin yake lalacewa; wanda bai duba ba yana iya shuka mataccen iri, ya yi ta zuba ruwa a banza. A jikin kwalbar maganin ƙwari akwai adadin da ake sawa, da yawan kwanakin da za a jira kafin a tsinki ganye. Idan rubutun da Faransanci ne ko Turanci, a duba lambobin, a kai wa malamin gona ya fassara, a rubuta bayaninsa da Hausa a ajiye. Kwalbar da ba ta da takarda kada a saye ta. Wadda ta ƙare kuma kada a zuba ruwan sha, mai ko nono a cikinta.

Muna ba kowa shawara ya buɗe littafin garka. A ja layi huɗu a shafi: rana, aikin da aka yi, kuɗin da ya fita, abin da aka tsinka. Ga misalin lissafi. A ce gida yana sayen ganye na dala 40 kullum, wato sefa 200. A kwana 30 ya kashe sefa 6000, jika shida ke nan. Idan garka ta ɗauke rabin wannan saye, jika uku sun zauna a gida. Daga ciki sai a cire kuɗin ruwa da na iri, abin da ya rage shi ne riba ta gaskiya. Da haka mutum yake sanin ko ya ƙara fangali ko ya rage.

A yi karatu inda akwai haske sosai. Wanda ya haura shekara 40, ya ga sai ya nisanta takarda kafin ya ga rubutu, kada ya ce kansa ne ya toshe. Idon ne ya manyanta, tabaran karatu yana gyara abin. Ya je a auna idonsa.

5. ƊAUKAR HOTO

Da can hoto sai an yi kwalliya an je wurin mai hoto. A Yamai an yi Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014. Hotunan da ya ɗauka na bukukuwa da samari da ƴan mata a shekarun 1960 da 1970 sun zama tarihin birnin. A Bamako an yi Seydou Keïta da Malick Sidibé, waɗanda aka baje aikinsu a manyan biranen duniya. Haka kuma duk wanda yake da hoton Ƙaramar Kasuwa kafin gobarar 2012, yana riƙe da abin da ba za a sake gani ba. Yau kuwa na'urar hoto tana aljihun mutane da yawa, a jikin wayar hannu. Gani ya kori ji.

Amfani na farko: ciwon shuka. Akwai wata tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda asalinta Kudancin Amurka ne. An gan ta a Nijar a 2013, a 2016 kuma ta yi mummunar ɓarna a gonakin tumatir na Kano da Kaduna. Tana shiga tsakiyar ganye ta ci, ta bar farin tabo kamar takarda. Bayyana irin wannan da baki yana da wuya, amma hoto yana nuna shi nan da nan. Ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, RECA, ta buɗe wurin amsa tambayoyin manoma ta waya da WhatsApp, cikin Hausa da Zabarmanci. Ko can za a aika, ko malamin gona za a nuna wa, a ɗauki hoto uku: shukar gaba ɗaya, ganyen sama da ƙasa, sannan ƙwaron kansa, da tsinken ashana a gefensa don a gane girmansa.

Amfani na biyu: takardu. A ɗauki hoton karnen allurar yara, takardar haihuwa, takardar magani da littafin bashi. Gobara, ambaliya da gara ba su barin takarda. A aika hotunan ga ɗan'uwa amintacce, domin waya ma tana ɓata.

Amfani na uku: tarihin gida. A ɗauki garka sau ɗaya a mako, daga wuri guda, a ga yadda take girma. A ɗauki tsofaffin gida. Hoton da ya fi daraja a kai a wanke shi a takarda, a rubuta suna da shekara a bayansa.

Dokokin hoto mai kyau:

1. A share idon na'urar da ƙyalle mai laushi, saboda ƙura.
2. Rana ta kasance bayan mai ɗauka. Hasken safiya da na bayan la'asar sun fi na tsakar rana.
3. A riƙe waya da hannu biyu, a matsa kusa.
4. Kada a bar waya a rana, zafi yana lalata batir.

Akwai kuma ladabi. Kada a ɗauki mai sayarwa a kasuwa, ko matar wani, ko ɗan wani, sai da izini. Kada a yaɗa hoton majinyaci ko na wanda hatsari ya rutsa da shi. A nisanci wuraren soja da na tsaro. Kuma hoton ƙurji ko kumburi da aka aika wa wani ba ya zama madadin ganin likita.

6. TAMBAYOYI DA AIKI

1. Me ya sa kuɗin tumatir yake hawa a watan Afrilu da Mayu?
2. Kawo sunayen shuke-shuke huɗu masu jure zafi.
3. Mai fangali biyu, kowanne mita 1 da mita 3, lita nawa zai zuba a yini? Lita nawa a kwana 30?
4. Waɗanne abubuwa biyu ake dubawa a jikin kwalbar maganin ƙwari?
5. Faɗi alamomin sanƙarau ga babba da ga jariri.

Aikin mako: kowane ɗalibi ya gyara fangali ɗaya ko buhu ɗaya, ya shuka alayyahu, ya rubuta ranar shuka a littafinsa. Mai waya ya ɗauki hoton wurin a ranar farko da ranar 25. Wanda ba shi da waya ya auna tsawon tsiro da tsinke, ya rubuta. Malaman aji su karanta wannan darasi kashi kashi, su bar ɗalibai su yi lissafin da kansu a allo. A zagayenmu na gaba za mu duba littattafan garka, mu ji abin da ya yi kyau da abin da ya ba da wahala, mu kawo amsoshi a wannan shafi.

Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu damina mai albarka.